ƘWAYAR CUTAR DA KE ZAMA CIKIN TUMBI: YAYA TAKE TSERE MA DOGARAN JIKI?

A kowane gari akwai masu kukan ciwon ciki. Wani in yunwa ta kama shi sai ya ji kamar an hura mashi wuta daidai ƙahon zuciya. Wani cikin dare ne ciwon ke tada shi daga barci. Sai ya jiƙa kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya samu sauƙi. Kashegari ciwo ya komo. Mutane kan ce yunwa ce ta jawo, ko tonka, ko yawan tunani. Waɗannan suna iya tsananta ciwon, amma galibi ba su ne tushenshi ba.

Tushen yawancin gyambon ciki wata ƴar ƙwayar cuta ce mai rai. Likitoci suna kiranta Helikobakter pilori. Ido ba ya ganinta, sai da madubin likita mai girmama abu. In an jera 300 daga cikinsu kai da gindi, da ƙyar za su kai milimita 1. Jikinta a murɗe yake kamar igiya, kuma tana da ƴan gasu a gefe guda waɗanda take kaɗawa ta yi iyo.

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. A ƙasashen Afirka abin ya fi haka, a wurare da yawa mutum 7 cikin 10 ne ko fiye. Tun ƙuruciya take shiga, kuma in ba a yi magani ba tana nan har tsufa. Sauran ƙwayoyin cuta da yawa in sun shiga jiki, cikin mako 1 ko 2 jiki ya gama da su. Ita wannan tana shekara 50 ko 60 a wuri guda. Ta yaya?

TUMBI BA WURIN ZAMA BA NE

Tumbi jaka ce inda abinci ke sauka bayan an haɗiye shi. Kowace rana yana fitar da ruwa mai tsami fiye da lita 1. Ruwan nan dangin ruwan batir ne, yana da ƙarfin narkar da nama. Shi ne kuma mai tsaron ƙofa: mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke biyo abinci da ruwan sha a cikinshi suke mutuwa.

To, mi ya hana tumbi ya narkar da kanshi? An yaɓe bangonshi da wata majina mai yauƙi, kamar yadda ake yaɓe rumbu don kada ruwan sama ya ci shi. Kaurin yaɓen bai kai rabin milimita ba, amma ya isa. Daga sama akwai tsami mai ƙuna, daga ƙasa, kusa da naman bango, tsamin ya kusa ƙarewa.

Shekaru da yawa likitocin duniya sun yarda cewa babu abin da zai iya rayuwa cikin tumbi. Haka anka koya masu a makaranta. A shekara ta 1979 wani likitan ƙasar Ostaraliya, Robin Warren, wanda aikinshi duba tsokar marasa lafiya ne a madubi, ya fara ganin waɗansu murɗaɗɗun ƙwayoyi kwance a bangon tumbi. Wani saurayin likita, Barry Marshall, ya kama mashi aikin a asibitin birnin Perth. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar cikin faranti, ba ta tsiro ba, don bayan kwana 2 ake zubar da farantan. A watan Afrilu na 1982 hutun sallar Kirista ya faɗo, anka mance da faranti har kwana 5. Da anka komo aiki, ga ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma gare ta.

Duk da haka manyan likitoci ba su yarda ba. A 1984 Marshall ya ɗebi ruwan da ya reni ƙwayar a ciki ya shanye. Bayan ƴan kwanaki ya kama amai, bakinshi na wari. Da anka zura mashi madubi ta maƙogwaro, sai ga bangon tumbinshi ya kumbura, ga ƙwayar a kai, alhali da lafiya lau yake. A 2005 anka ba su biyun babbar kyautar Nobel ta aikin likita.

TANA YIN KANWARTA DA KANTA

Dabara ta farko ita ce ta tsira daga tsami. Manoma sun san takin zamani fari da ake kira ure. Jikin mutum ma yana yin ure, shi ne dattin da ke fita cikin fitsari, kuma kaɗan daga cikinshi yana tsattsafowa cikin tumbi. Helikobakter tana jawo wannan ure ta fasa shi. Abin da ke fitowa shi ne amoniya, wato abin nan mai zarni da ake ji a wurin da fitsari ya daɗe. Amoniya tana kashe tsami kamar yadda kanwa ke kashe tsamin tsamiya. Mai ciwon ciki sai ya tafi kasuwa ya sayo kanwa. Ita ƙwayar a jikinta take yin tata.

Wannan kariya ba ta daɗewa. In ƙwayar ta tsaya cikin ruwan tumbi za ta mutu, ko abinci ya ture ta zuwa hanji. Saboda haka sai ta nufi bango da gaggawa. Tana gane hanya: inda tsami ke raguwa, can take bi. Majinar bango tana da kauri, amma amoniya tana tsinka ta, ta koma ruwa-ruwa kamar miyar kuka da anka cika ma ruwa. Sai ƙwayar ta kaɗa gasunta, ta murɗa jiki, ta nutse har ƙasa.

A nan take kafa gida, ƙarƙashin yaɓe. Tsami bai kai gare ta ba daga sama. Yawancinsu suna yawo cikin majina, waɗansu kuma suna manne ma bango da waɗansu ƴan ƙugiyoyi. Bangon tumbi yana sake fata kowane ƴan kwanaki, majina ma kullum zuba take ana yin sabuwa. Waɗanda sunka manne suna tafiya tare da tsohuwar fata, masu yawo su sauko su maye gurbinsu. Haka gidan ba ya zama kango.

DOGARAN JIKI

Jikin mutum kamar birni ne mai ganuwa. Fata da majina da tsamin tumbi su ne ganuwa. A bayan ganuwa akwai dogarai, su ne fararen ƙwayoyin jini. Aikinsu iri-iri ne. Akwai masu gadi a bakin ƙofa, waɗanda in sun ga baƙo suke buga ganga. Akwai mayaƙa masu rugowa su haɗiye baƙon su kashe shi a cikinsu. Akwai maƙera masu ƙera kibau daidai da kamannin kowane abokin gaba. Akwai jagorori masu ba da umurni. Akwai kuma masu sulhu, waɗanda in yaƙi ya ƙare suke cewa a ajiye makamai, don kada gari ya ƙone.

Da haka jiki ke cin nasara a kan mura da ƙyanda da sauran cututtuka da dama. Rigakafi ma da haka yake aiki: ana nuna ma dogarai kamannin abokin gaba tun bai zo ba.

Helikobakter ba ta fi dogarai ƙarfi ba. In ta kuskura ta faɗa cikin jini ba ta daɗewa. Abin da ta fi su wayo ne, kuma ga kowane irin dogari tana da dabarar da take yi mashi.

BAƘUWA DA TSAGEN GIDA

Masu gadi ba su san kowace ƙwayar cuta da sunanta ba. Alamu suke dubawa. Yawancin ƙwayoyin cutar hanji rigarsu iri ɗaya ce, gasun iyonsu ma iri ɗaya. Mai gadi na ganin wannan riga ko wannan gashi sai ya buga ganga, jiki ya yi zafi, mayaƙa su taso.

Helikobakter ta sake ɗinkin rigarta. Ta cire wuraren da masu gadi ke ganewa. Masu bincike sun auna, sun tarar rigarta ba ta tada jiki ko kusa da yadda rigar ƙwayoyin zawo ke tada shi. Gasun iyonta ma ta sake masu ƙira, har mai gadin da aikinshi ke nan kawai ba ya gane su.

Ba ta tsaya nan ba. A da, in an ga mutum, tsagen fuskarshi ke faɗin asalinshi: wannan Bagobiri ne, wannan Bakatsine, wannan Babarbare. Ƙwayoyin jikin mutum ma suna da nasu tsage. Waɗansu ƴan alamu ne na sukari a bayansu, dangin waɗanda likita ke dubawa in zai faɗi irin jinin mutum. Da su dogarai ke rarrabe ɗan gida da baƙo. Helikobakter tana ƙera irin waɗannan alamu ta manna a rigarta. Dogari ya zo ya duba, ya ga tsagen gida, ya yi shakka.

Kuma ba riga ɗaya gare ta ba. Cikin tumbi guda akwai miliyoyinsu, suna haihuwa suna ɗan sake kama. Wata ta sa wannan alama, wata ta cire. In iri biyu sun haɗu cikin mutum guda, har musayar gado suke yi tsakaninsu. Maƙera sun ɓata kwanaki suna ƙera kibiya daidai da kama ɗaya, kafin su gama waɗansu sun sake kama. Kibau da yawa kuma cikin jini suke yawo, ba su isa ƙarƙashin majinar tumbi da ƙarfinsu. Shi ya sa in an auna jinin mai ɗauke da ƙwayar ana samun kibau jingim, ita kuwa tana nan daram.

IN MAYAƘA SUN ISO

Ɓoyon bai cika ɗari bisa ɗari ba. Bango yana jin ana taɓa shi, yana kuka, mayaƙa suna zuwa. Duk wanda ke ɗauke da ƙwayar nan akwai ɗan kumburi a bangon tumbinshi, ko da bai taɓa jin ciwo ba.

Makamin mayaƙa dafi ne mai ƙuna. Wanda anka taɓa wanke ma rauni a gidan likita ya san ruwan nan da ke kumfa in an zuba shi a kan miki. Mayaƙan jiki suna yin irinshi, da shi suke ƙone ƙwayoyin cuta. Helikobakter tana da makarin wannan dafi. Tana fasa shi ya koma ruwa da iska. Dafin da bai same ta ba a kan naman bango yake zuba. Waɗansu ma ko an haɗiye su, suna jinkirta kisan, su daɗe da rai cikin cikin mayaƙin.

Sa'an nan tana da nata dafin. Ɗaya tana zuba shi a kewayenta. Yana shiga ƙwayoyin bango ya cika su da ramuka. In ya sami jagororin dogarai sai ya sanyaya masu jiki, su kasa yawaita. Rundunar da jagoranta ya yi sanyi ba ta cin yaƙi. Ɗaya dafin kuma da allura take ɗura shi. Tana da wani ɗan tsinke da take soka ma ƙwayar bango, ta tura dafi ciki. Ƙwayar bangon sai ta rikice, ta saki maƙwabtanta, bango ya yi tsaga. Ba kowace Helikobakter ke da wannan allura ba. Masu ita sun fi jawo gyambo da ciwon daji.

Babbar dabara ita ce ta masu sulhu. Jiki yana bukatarsu, don ba don su ba da dogarai sun yaƙi tuwo da fura da duk abin da ya shiga ciki. Helikobakter tana sa jiki ya yawaita masu sulhu a bangon tumbi. Mayaƙa na tasowa, su kuma suna cewa a yi haƙuri. Wannan ya fi ƙarfi ga yara ƙanana, lokacin da jiki ke koyon wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Ƙwayar da ta shiga tun yaro na rarrafe kusan ƴar gida ake ɗaukarta. An lura kumburin tumbin yara bai kai na manya ba, kuma gyambo bai cika kama su ba.

Ba jiya ta koyi wannan wayo ba. Masu binciken gadon halitta sun nuna tana tare da ɗan Adam shekara 100.000 ko fiye, kuma daga Afirka ta bazu duniya cikin tumbin mutanen da sunka yi ƙaura. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙarar duwatsun Turai, wanda ya mutu shekara 5.300 da sunka wuce. A 2016 anka ba da labarin an sami alamar Helikobakter cikin tumbinshi.

WA KE JIN JIKI?

Yaƙin ba ya ƙarewa. Dogarai ba su kore ta ba, ba su kuma daina faɗa ba. Ita kuwa ribarta ce: bangon da ya kumbura yana tsiyayar da abinci, da shi take ƙoshi, har da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke bukata don yin jini. Filin da ake dambe a kai shi ke shan taku.

Ga yawancin mutane abin bai wuce ɗan kumburi ba. Mutum 8 cikin 10 ko fiye suna gama rayuwarsu ba su san tana nan ba. Wajen mutum 1 cikin 10 shi ke samun gyambo. In kumburin ya fi yawa a ƙasan tumbi, tsami yana ƙaruwa, ya malala ya ci bakin hanji. In yaɓen majina ya lalace a wani wuri, tsami ya ci bangon tumbin kanshi. Wutar da mai ciwo ke ji, tsamin jikinshi ne a kan ɗanyen miki.

Ga waɗansu kuma, bayan shekaru masu yawa, bango yana tsufa ya sirance, tsami ya ragu. A irin wannan bango ne ciwon daji ke iya tsirowa. Bai cika faruwa ba, mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100 masu ɗauke da ƙwayar. Amma ciwo ne mai kisa. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helikobakter cikin jerin abubuwan da anka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Akwai alamun da ba a jira da su. In mutum ya yi aman jini, ko amai mai kamar garin gahawa, ko kashinshi ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, gyambo ne ke zubar da jini. In ciki ya murɗa farat ɗaya ya yi tauri kamar katako, wataƙila gyambon ya huda. Waɗannan a kai mutum asibiti nan take, ko da dare ne. Wanda ke ramewa ba dalili, ko abinci na tsaya mashi, ko idonshi ya yi fari don ƙarancin jini, shi ma kada ya daɗe bai ga likita ba.

KANWA BA TA KASHE TA

Kanwa tana kwantar da tsami na ɗan lokaci, shi ya sa ake jin daɗinta. Ƙwayar kuwa ko a jikinta, tana ƙarƙashin yaɓe. Yawan shan kanwa kuma yana iya hawar da jini ya wahalar da zuciya. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a tire, irin su asfirin da diklofenak da ibufurofen, su ma suna cin bangon tumbi da kansu. Manomin da ke haɗiyarsu kowane maraice don gajiyar gona, ga Helikobakter a cikinshi, ya haɗa ma tumbinshi abokan gaba biyu.

Tun da jiki ya kasa, taimako daga waje ake bukata, kuma akwai shi. Ana gane ƙwayar ta awon kashi, ko awon numfashi, ko a zura madubi a ɗebo ƴar tsoka. Awon jini kibau kawai yake nunawa, kuma suna daɗewa cikin jini ko bayan ƙwayar ta mutu, don haka ba ya faɗin ko mutum ya warke.

Magani ba ɗaya ba ne. Likita kan haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta 2 ko 3, da wani na rage tsami kamar omefirazol, a sha kwana 10 zuwa 14. Na rage tsamin yana barin miki ya warke, yana kuma taimakon sauran magungunan, don tsami yana rage masu ƙarfi. Bayan kwana 3 ko 4 ciwo kan lafa, a nan ne mutane da yawa ke ajiye magani. Kuskure ne babba. Masu rauni ne sunka mutu, masu taurin kai suna nan, kuma su ne za su hayayyafa. A Afirka Helikobakter da yawa sun riga sun daina jin filajil, saboda yawan shanshi barkatai ga kowane ciwon ciki. In an gama magani daidai ƙwayar ta mutu, gyambo bai cika komowa ba.

Har yanzu ba a samu allurar rigakafinta da ake yi ma jama'a ba. An gwada iri-iri, amma da wuya a koya ma dogarai kama wadda ta iya shiga rigar ƴan gida.

Abin da ya rage shi ne tare mata hanya tun ba ta shiga ba, tun ba ga yara ba. Cikin gida take yaɗuwa, daga uwa zuwa ɗa, daga wa zuwa ƙane. Tana fita cikin amai da kashi, ana samunta cikin miyau. Amai ya fi ɗaukarta da yawa, don haka in yaro ya yi amai a rufe wurin da ƙasa a kwashe, a wanke hannu. Likitoci suna zargin tauna ma jinjiri abinci a baki, gara a dama mashi ko a murƙushe da cokali mai tsabta. A gina salga nesa da rijiya, a yi ma rijiya baki da marfi, kada a ajiye guga a ƙasa. Ruwan tabki a tafasa shi kafin a ba yaro. Kafin a sa hannu cikin kwano, da bayan an fito daga kewaye, a wanke hannu da sabuni, in babu sabuni da toka.